Jami'ar jiharku ko ta wata jiha a Amurka: abin da aka tattauna

1. Kowa ya yarda: a jami'o'in gwamnati, ɗalibin da ya zo daga wata jiha, wato baƙon jiha, yakan biya ninki biyu zuwa uku na kuɗin makarantar da mazaunin jihar ke biya. A Jami'ar Kalifoniya ƙarin ya haura dala 30,000 duk shekara.

2. Yawancin jihohi na neman zaman wata 12 kafin a ɗauke ka mazauni, kuma zaman karatu kawai ba ya shiga lissafi. Nan da yawa ke tuntuɓe. Mai bizar F-1, ta ɗalibai 'yan ƙasar waje, kuɗin baƙo zai biya.

3. A cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin kuɗin karatu na gwamnatin tarayya, da wuri. A duba shirin WUE na jihohin yamma, mai rage wa ɗaliban yankin kuɗin baƙo: iyakarsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin mazauni.

4. Saɓanin kan bashi ne. Wasu sun ce fannin da babu a jiharka ya cancanci a ci bashi. Mafi yawa suka ce digirin farko bai kai haka ba.