Kaluluwar wuya ta fara lafawa, amma idon ɗana ya turo waje

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 13 ya yi wata takwas da manyan kaluluwa a gefe biyu na wuyansa, kuma ba sa masa ciwo. Da farko an zaci tarin fuka ne, sai da aka yanki ɗan nama aka gwada sannan aka ce cutar Rosai-Dorfman ce, a ci gaba da lura da shi domin takan lafa da kanta. To, mako uku ke nan idonsa na hagu ya ɗan turo waje, fatar idon ta kumbura, jiya kuma ya ce yana ganin abu bibbiyu. Shin wannan yana da alaƙa da wuyan, ko in jira ranar komawarmu asibiti, wadda saura wata biyu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki jira. Wannan cuta, wadda wasu likitoci biyu, Rosai da Dorfman, suka bayyana a 1969, taruwar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ce, kuma ba a kaluluwa kaɗai take tsayawa ba, takan bayyana a fata, da cikin hanci, da ƙashi, da kwarmin ido. Idan ƙari ya tsiro a bayan ƙwayar ido, shi ne yake turo ta gaba ya takura naman da ke juya ta, daga nan ganin bibbiyu yake fitowa. Abin tsoron shi ne ya danne jijiyar gani, domin abin da ta rasa ba kasafai yake dawowa ba. Ki kai shi wurin likitan ido cikin kwanakin nan da takardar gwajin naman a hannunki, kuma mai yiwuwa a nemi hoton MRI ko CT, wato hoton da ke nuna cikin kwarmin ido. Idan ganinsa ya ragu ko launin ja ya dushe masa, ki tafi a ranar.

Anti Rabi: Ƙari a kan bayanin Malam, don Allah kada ki sayo maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid (sinadarin rage kumburi) da kanki. Na yi wannan kuskuren lokacin da nake fama da kumburin cikin ido, ya tayar mini da hawan jinin ido ban sani ba. Likita ne zai zaɓi tsakanin maganin sha da tiyata bayan ya ga hoton.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Na rufe masa idon dama na nuna masa jan mayafi, ya ce launin bai canja ba. Gobe da sassafe za mu je, in sha Allah.