Totur ɗin Kombina sai na taka rabi kafin inji ya amsa

Mai Kombi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Volkswagen Kombi ƙirar 1974 da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma ba na son ta lalace a hannuna. Kwanan nan sai na taka totur kusan rabi kafin inji ya amsa, fedar kuma tana lilo hagu da dama. Jiya a hawan gada na danne ta har ƙasa, motar sai nishi take. Yaron garejin unguwarmu ya ce kafireta ce, a canza. Hankalina bai kwanta ba, don in na ja hannun kafiretar da yatsa, injin tashi yake garau.

Tsohon Bakanike:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari a taɓa kafiretar nan. Injin Kombi a baya yake, wayar totur ta fi mita 3 kafin ta kai gare shi, amma ciwon yawanci a gaba yake, ƙarƙashin ƙafarka. Kwanta a ƙasan motar, ka kwance farantin da ya rufe wurin, ka sa wani ya riƙa takawa. Za ka ga ɗan sanda ya sauko daga feda zuwa wani hannun ƙarfe mai juyawa a kan fin. Shekara 50 ana goga: ramin ya koma kamar ƙwai, fin ɗin ya sirance. Nan rabin takunka yake ɓacewa. Mai walda ya cike ramin, a sake huda shi daidai, a sa sabon fin da washa, a cika giris.

Direban Funtuwa:
Gaskiyar Baba. Ka kuma zaro wayar daga bututunta. In ko sili ɗaya ya tsinke, canza ta, don tawa ta taɓa maƙalewa ina tsakiyar kasuwa. Wurin ɗaurewa, a danne feda har ƙasa, a bar kamar milimita 1 kafin hannun kafireta ya kai ƙarshe. Duba sifirin mai mayar da shi.

Mai Kombi:
Baba, na shiga ɗazu da tocila. Wallahi ƙusa ce lanƙwasasshiya na tarar a madadin fin, ta ci ramin har ya kusa ɓallewa. Gobe da sassafe zan kai hannun ƙarfen wurin mai walda, in biya kasuwar Ƙofar Ruwa neman waya. Allah ya saka da alheri.