Kunkurunmu ya koma haɗiyar tsakuwa, don Allah a ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da kunkuru a gida, irin manyan nan masu ruwan ƙasa. Kwanan nan aka zuba tsakuwa a gefen tsakar gida za a yi daɓe, shi ke nan ya tare a wurin. Da idona na gan shi yana bi yana tsintar farare yana haɗiyewa, baƙaƙen kuwa ko kallo. Abincinsa latas, kokwamba, ɓawon kankana, wani lokacin dusa ko ragowar tuwo. Yana ci sosai, ba yunwa ba ce. Ciwo ne ko ɗabi'arsu ce?

Baban Yara, Kawo: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, kaji ma ai suna cin tsakuwa. Ki ajiye masa kanwa ya riƙa lasa kamar yadda ake yi wa awaki.

Malamin Dabbobi, Tudun Wada: Alhaji a yi haƙuri, ban yarda da kanwar nan ba. Kaza tana da ƙundu da ke niƙa da tsakuwa, kunkuru ba shi da shi. Kanwa kuma dangin gishiri ce, ba ita jikinsa ke nema ba, za ta ma wahalar masa da ƙoda.

Hajiya, abincin da kika lissafa shi ne ya ba da amsa. Latas, kokwamba da kankana kusan duk ruwa ne. Dusa kuwa sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, alhali kunkuru yana son sinadarin kalsiyam ya ninka fosfaras aƙalla sau 2 a abincinsa. Da kalsiyam yake gina ƙashi da ƙoƙon bayansa, idan bai samu ba sai ya fita nema da kansa. A daji suna tauna tsohon ƙashi, gidan katantanwa da ƙasa mai farar hoda, shi ya sa fari ke jan hankalinsa. In mace ce abin ya fi tsanani gab da yin ƙwai. Sai dai yawancin tsakuwar gini ba ta narkewa a ciki. Ƙanana kan fita da kashi, amma in sun taru sai su toshe hanji.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Malam, to yaya zan gane ko sun toshe?

Malamin Dabbobi: Ki sa ido kan kashinsa. In yana yi kamar kullum kuma yana ci, da sauƙi. In ya daina ci, ko yana nishi ba abin da ke fitowa, ko yana jan ƙafafun baya, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibitin dabbobi a ɗauki hoton cikin, tsakuwa tana fitowa ƙarara a hoto. Idan na kusa da ke ba su saba da irinsa ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kafin nan ki zaunar da shi a ruwa mai ɗan ɗumi, iya haɓarsa, kamar minti 20. Yana sa su sha, yana kuma motsa ciki. Kada a ɗura masa man ja, yana iya shaƙewa.

Goggo, Kabala: 'Yata, na daɗe ina kiwon abin nan, tun yana cika tafin hannu har yanzu sai mutum biyu ke ɗaga shi. Maganar gaskiya mun maida kunkuru bolar gida, duk abin da ya rage a kwano sai a ce a kai masa. Dabbar Sahel ce fa, ciyawa ce abincinta. Nawa ciyawar kiri-kiri yake kiwo da damina, da rani in sayo busasshiyar ciyawa wurin masu tumaki, in yayyafa mata ruwa. Ina haɗa masa da ganyen zogale da na kabewa. Ɓawon ƙwai kuma ba na zubarwa: in tafasa, in shanya, in daka shi lukui, in barbaɗa ɗan kaɗan a kan ganyen sau biyu a mako. Da farko zai yi miki yanga tunda ya saba da zaƙi. Ki ƙyale shi, yunwa za ta sauko da shi.

Malamin Dabbobi: Goggo ta gama magana. Ƙari kawai: alayyafo kada ya zama na kullum, yana ɗauke da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana. Harawa ma kaɗan. Sannan rana: da ita fatarsa ke haɗa bitamin D3, in babu shi ko buhun ɓawon ƙwai ya ci a banza. Ya sha hantsi, amma a bar masa inuwa. Kuma wasu ko an gyara abincin ba sa dainawa nan take, don haka a raba shi da tsakuwar yau ɗin nan.

Ɗan Barnawa: Ku tabbatar da irinsa tukuna. Akwai ƙaramin da bayan ƙoƙonsa ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafu, shi yana cin katantanwa da ƙwari, ciyawa zalla ba ta isar sa.

Maman 'Yan Biyu: Namu babban ne, har da ƙayoyi a cinya. Na sa yara sun kewaye tsakuwar da bulo. Goggo, ɓawon ƙwan kamar cokali nawa?

Goggo: Wane cokali! Abin da yatsu uku suka ɗauka, kamar za ki sa gishiri a miya.