Ina bakin daga, lauyan mai sayen filina ya ce sai da hatimin notari

Kofur_Monguno: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a yankin Monguno, wata goma sha ɗaya rabona da gida, kuma fas, wato izinin zuwa gida, ba ya samuwa yanzu. Ina da fili a Kumbotso, mai takardar mallaka ta gwamnati, zan sayar saboda aikin da za a yi wa mahaifiyata. Mun daidaita da mai saye, amma lauyansa ya ce sai na ba wani takardar wakilci mai hatimin notari, wato lauyan da aka ba ikon tabbatar da sa hannu a kan takarda. In kwamandana ya sa hannu ya buga hatimin bataliya, ya wadatar? Sannan wa ya fi dacewa in wakilta, yayana ko maiɗakina?

Ɗan Kurna: Oga kada ka sayar. Fili ba ya ruɓewa. Ka ci bashi a banki a riƙa cira a albashi.

Tsohon Saje: Ƙanena, da na ga kalmar wakilci sai da gabana ya faɗi. A 2008 da za mu tafi Darfur na rubuta wa ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, takarda ya karɓar mini kuɗin haya. Wanda ya buga ta ya rubuta cewa yana da iko a kan dukiyata gaba ɗaya, ni ko karantawa ban yi ba, mota na jira. Na dawo na tarar ya sayar da gidan, ya sayar da gonar, ya ƙara aure. Shekara huɗu muna kotu. Ƙarshe tsohuwarmu ta kira ni tana kuka, ta ce in ban janye ba ba ta yafe mini nononta ba. Na janye. Yau ina gidan haya da 'ya'ya tara, shi kuma muna haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a.

Maman Ilham: Innalillahi. Baba Allah ya saka maka. Wanda ya saya fa, bai san gidan soja ba ne?

Tsohon Saje: Ya sani sarai, 'yata. Maƙwabcinmu ne. Takarda ya riƙe.

Abu Hanan: Ni ina sojan Amurka a Texas. Nan doka ce ta ba lauyoyin soja ikon notari, sashe na 1044a, kuma an hana su karɓar ko sisi. Sashe na 1044b ya sa dole kowace jiha ta karɓi takardar wakilcin soja. Kafin a tura mu ko'ina sai an tara mu an yi wa mai so wakilci da wasiyya. Je ka ofishin lauyan bataliyarku kawai.

Ɗan Kurna: Malam Abu, mutum na Monguno yana hawa tudu neman sabis, kai kana ba shi labarin Texas 😂

Lauya Binta: Kofur, muƙamin kwamanda ba ya mayar da shi notari a Najeriya. Alƙalin Alƙalai na ƙasa ne ke naɗa notari daga cikin lauyoyi, don haka ko lauyan soja ma sai in an naɗa shi. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu za ta ɗauki wakilci a matsayin sahihi in an sa hannu gaban notari ko alƙali ko majistare. Dokar notari ta 2023 kuma ta yarda a yi ta bidiyo, amma ka fara tambayar lauyan mai saye ko zai karɓa. A rubuta lambar filin nan kaɗai, da wa'adi, da mafi ƙarancin farashi, da asusun da kuɗi zai shiga. Kuma sayarwar sai da amincewar gwamna, bisa dokar filaye ta 1978.

Garba Dillali: Hajiya duk wannan tsawaitawa ce. Shekara ashirin ina dillanci, mai unguwa da shaidu biyu sun gama magana. Takardar rantsuwa a kotu dubu biyu na biya watan jiya.

Lauya Binta: Alhaji, rantsuwa daban, wakilci daban. Irin cinikin naku ne ke cika mana kotu.

Garba Dillali: Ku kuma irin naku ne ke cinye rabin kuɗin fili.

Sajan Maimalari: A Maiduguri dubu goma sha biyar na biya notari bara.

Maman Ilham: Mu dubu hamsin aka karɓa a Kaduna, har da rubutawa.

Ɗan Kurna: Ashe hatimin Kaduna da zinare aka yi shi.

Ummu Sadik: Ku bar zancen farashi. Kofur, don Allah duba sunan wa ka sa a fom ɗin magaji na soja, wato wanda za a miƙa wa haƙƙinka in ka rasu. Maigidana ya rasu a bakin aiki, tun yana saurayi ya rubuta yayansa, bai canja ba har muka haifi uku. Haƙƙinsa ya fito ta hannun yayan, aka sallame mu daga bariki, ko kuɗin mota ban gani ba.

Malam Abu Yasir: Sunan da ke fom ba ya soke rabon da Allah ya yi, Hajiya. Kina da tumunin ki, sauran na yara ne da iyayensa in suna raye. Ki kai kotun Musulunci. Wakilci ma da mutuwar mai shi yake faɗuwa.

Ummu Sadik: Na kai, Malam. Sau biyar ana ɗagawa, ba ya zuwa.

Kofur_Monguno: Sai yanzu sabis ya dawo. Na gode Lauya. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini yaya ko maiɗaki, kuma aikin tsohuwa saura kwana goma sha biyu.

Sajan Maimalari: Ummu Sadik, wace shekara ya rasu? Akwai matar wani yaronmu da ke cikin irin halinki, ita ma sunan baban mijin ne a fom. Ko zan haɗa ku, ku nemi lauya ɗaya?