Wane irin akwati ya dace da tsohuwar lasifikar Philips 9710?

Sani_Rediyo:
Assalamu alaikum. Akwai tsofaffin lasifikun Philips 9710 guda biyu a hannuna, masu ƙaramar takarda kamar mazurari a tsakiya. Takardarsu lafiya lau. Kafinta ya ce ya buga musu rufaffen akwati irin na masu kiɗan biki. In bar shi, ko akwai abin da ya fi? Amfilifayar ƙarama ce, wat 8.

Malam_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, dakatar da kafintan tukuna, ka ɗauko mitar auna om, wato ma'aunin juriyar lantarki. Philips sun yi wannan lasifika iri-iri, ciki har da 9710M mai om 7, da 9710AM mai om 800 wadda aka yi wa amfilifayar kwalba marar taransifoma a bakin fita. In mita ta nuna ɗaruruwan om, amfilifayarka ba za ta tuƙa ta ba sai da taransifoma, komai kyan akwatin.

Sannan ka taɓa batir mai bolt 1.5 a kan wayoyinta. Ya kamata takardar ta motsa da "ɗif" mai tsabta. In ka ji ƙarar gogayya, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, na shafar bangon maganaɗisu, gyara ne a gaba.

Abin da ke zaɓar akwati kuwa lambobi uku ne, Fs (sautin da takardar ta fi saurin girgiza a kansa) da Qts (yadda girgizar ke daɗewa kafin ta tsaya) da Vas (laushin takardar, da ake aunawa da litar iska), waɗanda aikin injiniya Thiele na 1961 da na injiniya Small daga baya suka kafa. Kada ka dogara da na intanet. Gefen takarda yana ƙandarewa da shekaru, Fs ya hau. Maganaɗisun alniko kuma yana rage ƙarfi in ya sha faɗuwa, Qts ya hau. Manhajar REW kyauta ce, da ita da rizisto guda za ka auna kowacce daban, don da wuya su biyun su zo ɗaya.

In Qts ya haura 0.7, rufaffen akwati ɓarna ne. Misali mai 0.8, in ka sa ta a akwatin da girmansa ya yi daidai da Vas, lambar za ta koma wajen 1.13. Bes ɗin, wato sauti mai kauri, zai taru a wuri ɗaya yana bugawa kamar ganga, muryar mawaƙi ta shige ciki. Irin wannan lasifika buɗaɗɗen allo take so, wato katako ɗaya mai rami, bayansa a buɗe. In Qts ya tsaya wajen 0.4 zuwa 0.5, akwati mai bututu. Ƙasa da 0.3 kuma sai akwatin ƙaho, irin wanda ake yi wa lasifikun kamfanin Lowther.

Habu_Katako:
Na yarda da Malam. Ni ma allon zan ce a fara da shi ko ba a auna ba, don shi ne mafi arha. Filawud mai kaurin milimita 18, faɗi santimita 60, tsawo 90. Kada ramin lasifikar ya zauna a tsakiya cif. Kauce da shi gefe kamar santimita 5 zuwa 8, don in nisan kowane gefe ya zama ɗaya, sautin baya yana haɗuwa da na gaba a lokaci guda ya ci wani sashe na sautin. A fafe bakin ramin ta baya a karkace, in ba haka ba kaurin katakon yana shaƙe ta. A sa fikafikai biyu na santimita 20 a baya, a janye allon daga bango kamar mita ɗaya.

Illarsa bes mai zurfi ba zai samu ba, daga wajen 100 Hz (girgiza 100 a daƙiƙa) zuwa ƙasa yake fara zubewa. Amma murya da garaya da sarewa, ba a magana.

Malam_Injiniya:
In aunin ya nuna bututu, ga wurin farawa. Cikin akwati 30 da 25 da 80 a santimita, lita 60 ke nan. Bututun roba na famfo mai faɗin santimita 7.5, tsawonsa 5, yana ba da wajen 45 Hz. Yanka shi da ɗan tsawo ka riƙa ragewa kana saurara. Tsawon 80 ɗin nan yana tara amo wajen 214 Hz, don haka a shimfiɗa tsohon bargo ko auduga mai kauri a ƙasa da bayan lasifikar, ba a cusa akwatin duka ba, kada a toshe bakin bututu. A sa sanda ɗaya ta riƙe bangon hagu da na dama. Gam a kowace mahaɗa, ba ƙusa kaɗai ba, don ƙaramar kafa tana sa akwati feɗuwa.

Habu_Katako:
Kuma a guji MDF, katakon da ake yi da matsattsen garin itace, in ɗakin na ɗaukar laima da damina, kumbura yake yi sukuru ya saki. Wajen ɗaure lasifikar a sa zoben soso siriri a ƙarƙashinta, a murɗa sukuru da hannu, wannan sannan na kishiyarsa. Matsewa da injin yana karkata ƙarfen, koyil ya fara gogayya.

Sani_Rediyo:
Na gode ƙwarai. Mita ta nuna ƙasa da om 7 a duka biyun, batir ma ba gogayya. Allon zan fara bugawa. Wat 8 ɗin zai isa?

Malam_Injiniya:
Har ya yi yawa a ɗaki. Wajen wat 10 aka yi ta, kuma a kan allo babu iskar da ke riƙe takardar, don haka kada ka ƙara bes daga amfilifaya.