Arzikin teku: takardar yarjejeniya ce ke tsare shi, ko jirgin sintiri?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Jiya na saurari wani jawabi, mai magana ya dage cewa babu ƙasar da za ta ci ribar teku mai ɗorewa sai ta haɗa kai da maƙwabtanta. Ni kam ban gamsu ba. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta riga ta raba gardama: kowace ƙasa mai gaɓa tana da mil 200 daga bakin ruwanta, kifin da ke ciki da man da ke ƙarƙashi duk nata ne. To me ya rage? Ta sayi jiragen sintiri, ta gyara tashoshinta, ta ɗaure ɓarawo. Tarukan yankin nan kuwa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. In jirgin sintiri ne magani, ai da Kanada ba ta shiga uku ba. A 1977 ta shimfiɗa ikonta zuwa mil 200, ta kori jiragen baƙi daga mafi yawan wuraren kamun kifin kod na gabashinta. Bayan shekara 15, a 1992, gwamnati ta hana kamun gaba ɗaya domin kifin ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a. Kuɗi akwai, sojan ruwa akwai, masana akwai.

Malam Habu: Hajiya, ai kin taya ni ne ba ki sani ba. Jiragen Kanada da kansu suka cinye kifin bayan an kori baƙi. Kin ga matsalar cikin gida ce, gyaranta ma a cikin gida yake. Wace yarjejeniya ce za ta hana mutum cin nasa?

Hajiya Rabi: Wannan na ba ka rabi. Amma wani sashe na wurin kamun ya zarce mil 200 ɗin, kuma can jiragen Turai suka ci gaba da kwasa. Kifi bai san layin da aka ja a taswira ba.

Lauya Musa: Ku ba ni dama in kawo misali biyu daga ruwa kusan guda. Norwe da Tarayyar Sobiyet sun ƙulla yarjejeniyar kifi a 1975, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ɗaya tana cikin ƙawancen NATO ɗaya kuma ita ce abokiyar gabar ƙawancen. Kowace shekara hukumarsu ta haɗin gwiwa na zama ta ƙayyade yawan kod da za a kama a Tekun Barents, kason ƙasashen biyu kuma rabi da rabi. Iyakar ruwansu ma ba su daidaita ta ba sai 2010, wato sun shekara 35 suna raba kifi alhali ba su yarda da inda ruwan kowa ya tsaya ba. Har bayan 2022 da dangantaka ta lalace, ba a fasa tsayar da kason ba. Kifin yana ƙyanƙyasa a gaɓar Norwe, ƙananan su girma a gabas wajen Rasha. Duk wanda ya ce zai yi gaban kansa, to ya yanke wa kansa hanya.

Na biyun shi ne kifin makarel. Da ruwa ya ɗumama kifin ya matsa arewa, sai Aisland da tsibiran Faro suka ƙara wa kansu kaso tun wajen 2010. Aka kasa samun yarjejeniyar da ta haɗa su duka da Norwe da Tarayyar Turai, daga baya Birtaniya ta fice daga Tarayyar ta zama mai nata bakin. Kowa ya riƙa yanka wa kansa, jimillar ta shekara da shekaru tana wuce abin da masana suka ba da shawara. A 2019 aka janye wa kamun shaidar ɗorewa, wato tambarin da ke nuna ba a kama kifin fiye da kima.

Malam Habu: Yauwa Lauya, madalla. Ga ƙasashe masu arziki, masu ofisoshi da masana, suna zama duk shekara, amma sun kasa raba kifi ɗaya. Su kenan. Ina ga waɗanda ko albashin ma'aikatan hukumar yanki ba sa iya biya a kan lokaci?

Kyaftin Isa: Malam Habu, ni ba na jayayya da littafi, abin da idona ya gani zan faɗa. Shekarun da na yi a jirgin dakon kaya, akwai daren da nake kan aiki wajen ƙarfe biyu, na ga fitilu uku a gabanmu. Na duba na'urar da ke nuna sunan kowane jirgi da inda ya dosa, babu ko ɗaya. Sun kashe. Amma rada ta nuna su ƙarara: babban jirgin sanyi guda, ƙananan jiragen kamun kifi biyu sun jingina da shi, ƙugiya na ɗaga kwalaye daga wannan zuwa wancan. Da gari ya waye muka ratsa wurin, ruwa ya yi fari da matattun ƙananan kifi da suka zubar, tsuntsaye na ta shawagi. Kifin da aka loda ba zai taɓa sauka a ƙasar da aka kama shi ba, balle a auna shi ko a biya haraji. Kuma sun zaɓi wurin ne daidai bakin iyakar ƙasashe biyu. Jirgin sintiri ya taso daga nan, cikin minti talatin sun tsallaka can, shi kuma ba shi da izinin bin su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce iyakar. Ka sayi jirgi goma, a bakin layin nan za su tsaya suna kallo.

Zainab: Baba Kyaftin, Allah ya ƙara lafiya. Malam, ina neman afuwa, amma misalin da ya fi ba ni mamaki daga ƙasashe matalauta ya fito. Ƙananan ƙasashe takwas na Tekun Pasifik, irin su Kiribati da Tuvalu da Nauru da tsibiran Solomon, ruwansu ne ke ba da kaso mai tsoka na kifin tuna da ake sa wa a gwangwani a duniya. A da kowacce na sayar da lasisi ita kaɗai, masu jirage su je wa wannan su ce waccan ta yi mana rangwame. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga 2007 suka sauya tsari: suka ƙayyade jimillar kwanakin kamu a shekara, suka raba a tsakaninsu, jirgi ya sayi kwana. A 2015 mafi ƙarancin farashin kwana ɗaya ya kai dala 8,000. Kuɗin da suke samu ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 a shekara. Nauru mutanenta ba su kai 15,000 ba, wane jirgin yaƙi gare ta? Abin da ya yi aiki shi ne sun haɗa baki a kan mafi ƙarancin farashi, kuma kowane babban jirgi sai ya ɗauki mai sa ido.

Malam Habu: 'Yata, wannan misalin ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma bari mu dawo kan tsaro. A Yawunde aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaron Mashigin Tekun Gini a Yunin 2013, ƙasashe 25. Bayan shekara bakwai, a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a wannan mashigin aka sace su. Ina amfanin takardar? Abin bai lafa ba sai da Najeriya ta yi dokar hukunta fashin teku a 2019, ta kuma ƙaddamar da jirage da jiragen sama na shirin Deep Blue a 2021. Ƙarfin ƙasa ɗaya ne ya yi aikin.

Kyaftin Isa: Ƙarfin ya yi aiki, ban musa ba. Amma tuna jirgin kamun kifin nan Hailufeng 11 da aka sace a ruwan Kwaddibuwa a Mayun 2020. Sojan ruwan Najeriya ne suka tare shi, aka gurfanar da mutum goma a Legas, aka yanke musu shekara 12 kowanne. Wa ya gaya wa Najeriya jirgin na tafe? Labari ne ya biyo daga ƙasa zuwa ƙasa ta cibiyoyin da tsarin Yawunde ya kafa. Haka aka yi a Mashigin Malaka. Indunisiya da Maleshiya da Singafo sun fara sintirin haɗin gwiwa a 2004, masu inshora na Landan suka sa mashigin cikin wuraren haɗarin yaƙi a 2005, a 2006 suka cire shi. Kuɗin inshorar nan kuwa a kan farashin kaya yake ƙarewa, mai saye ne ke biya.

Hajiya Rabi: Ni dai kun yi nisa da kalmar da ta fi damuna, wato "mai ɗorewa". Ɗorewa ga wa? Ku dubi kifin sadinela da ke kai da kawowa tsakanin Muritaniya da Senegal da Gambiya. An cika gaɓar da masana'antun garin kifi, musamman a birnin Nuwadibu na Muritaniya. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari, a fitar da shi waje a ciyar da kifin gona da dabbobi. A littafin gwamnati fitar da kaya ya ƙaru, an samu bunƙasa. A bakin ruwa kuwa matan da ke ƙyafe kifi ba sa iya gasa da farashin masana'anta, kwale-kwale na dawowa da rabin abin da ya saba. Kifin na ƙasashe uku ne ko fiye, amma babu ƙayyadadden kaso da ya ɗaure su duka. Kowacce na tsoron in ta rage, maƙwabciya ta kwashe. Malam, wannan ita ce duniyar da kake kira gare ta, kowa da mil 200 ɗinsa.

Lauya Musa: Abin dariyar shi ne Senegal da Muritaniya ɗin nan sun iya raba iskar gas da ke kan iyakarsu rabi da rabi. Gas ba ya gudu, ana iya auna shi, kamfani ma ba zai zuba kuɗi ba sai an sa hannu. Kifi ne babu mai tilasta musu. Kuma kada a ce ina fifita takarda: Najeriya da Sao Tome sun ƙulla yankin haɗin gwiwa na mai a 2001, kashi 60 da 40, har yau bai zama rijiyar kuɗin da aka yi zato ba.

Malam Habu: To na sauko mataki ɗaya. Abin da ke yawo, kifi ko ɓarawo, na yarda ƙasa ɗaya ba ta iya masa. Amma duk misalan da suka yi nasara a cikin naku, akwai mai ƙirgawa kuma akwai hukunci. Waɗanda babu, sun zama hoto a bango. Zainab, mai sa idon nan da kika ambata, wa ke biyan sa?

Zainab: Daga kuɗin da ake karɓa a hannun masu jiragen ne, Malam, amma hukumar ƙasarsa yake kai wa rahoto.

Kyaftin Isa: Rahoton sai ya sauka ƙasa lafiya tukuna. Shi kaɗai ne a cikin mutum talatin, wata biyu a tsakiyar ruwa, abincinsu yake ci, kuma abin da zai rubuta na iya jawo wa jirgin tara mai nauyi. An sha samun labarin waɗanda suka mutu ko suka ɓace a bakin aikin. Shi ya sa yanzu ake ta maganar kafa kyamara a kan jiragen. Lauya, in kyamara ta ɗauki laifi a ruwan wata ƙasa, jirgin na ɗauke da tutar wata, mai shi kuma yana zaune a ta uku, a kotun wa za a kai hoton?