Ciniki tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya, ta ina zan fara haɗa takardu?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah shawara nake nema. Kamfanin da nake riƙe wa lissafi uwar kamfaninsa tana wata ƙasa, a wajenta muke sayen kaya kuma duk wata muna biyanta kuɗin hidima, to yanzu hukumar haraji ta ce sai mun riƙa ba da bayanin yadda muke yanka farashi tsakaninmu, wannan tiransfa firaisin ɗin dai. Wallahi kaina ya ɗaure.

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Tambaya ɗaya ce suke yi a ƙarƙashin duk takardun nan, da a ce da bare kuke cinikin, haka za ku sa farashin? Tsoronsu kar a tsawwala muku kaya ko hidima da gangan, riba ta gudu ƙasar da harajinta bai da yawa. Ki fara buɗe Excel ki jera duk abin da ya shiga tsakaninku da 'yan uwan kamfanin a shekarar, kaya, hidima, rance, kuɗin amfani da tambari, har lamuni idan sun tsaya muku a banki, kowanne da adadinsa da wanda aka yi da shi.

Baban Sadiq: Ƙari kan maganar Alhaji, yawancin ƙasashe tsarin OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa, suka ɗauko, wanda ya fito a 2015 ƙarƙashin mataki na 13 na shirin BEPS, shirinta na hana kamfanoni karkatar da riba don guje wa haraji. Takardu uku ne. Masta fayil yana bayanin rukunin kamfanonin gaba ɗaya, lokal fayil naku ne ku kaɗai, sai rahoton ƙasa-ƙasa wanda ya hau kan rukunin da kuɗin shigarsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara, shi kuma galibi uwar kamfani ce ke miƙawa cikin wata 12 bayan rufe shekara. Amma ki duba dokar inda kike da kyau, wa'adi da tara da adadin da ke sa mutum ya shiga ciki kowace ƙasa da nata, kuma wasu suna so ki sanar da su wane kamfani ne zai miƙa rahoton ko da ba ku ba ne.

Maman Khalifa: Na gode Yaya. Masta fayil ɗin ni zan rubuta kenan?

Baban Sadiq: A'a, ki tura wa uwar kamfani imel yau ɗin nan su aiko da nasu. Suna da jan ƙafa, kuma dole abin da kika rubuta ya yi daidai da abin da suka rubuta.

Hajiya Akanta: Ni kuɗin hidimar nan da kika ambata shi ya tsaya min a rai, don a nan muka sha wuya a inda na yi aiki. Inboyis goma sha biyu, kowanne layi ɗaya tal, "kuɗin gudanarwa", adadi iri ɗaya duk wata. Mai binciken ya baje su a kan tebur ya ce to wa ya yi aikin, yaushe, me kuka amfana da shi, muka yi shiru, kuma fa da gaske an yi aikin, su suka gyara mana na'urorin kwamfuta suka horar da ma'aikata, sai dai babu wanda ya ajiye ko imel ɗaya a wuri guda. Aka ƙi karɓar kuɗin a matsayin abin da kamfani ya kashe wajen aiki, aka ɗora mana haraji a kai. Har yau abin yana min ciwo. Don haka 'yar uwa ki buɗe folda tun yanzu, rahoton aiki, takardar zaman mitin, sunayen waɗanda suka zo, yadda aka raba kuɗin tsakanin kamfanonin, komai ki zuba.

Maman Khalifa: Innalillahi, namu inboyis ɗin ma haka yake Hajiya, layi ɗaya.

Hajiya Akanta: To ki sa su fara rubuta shi dalla-dalla daga wannan watan. Kuma idan hidimar irin ta yau da kullum ce kamar lissafin albashi ko kula da kwamfuta, OECD tana da hanya mai sauƙi ta ɗora kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka kashe, ki tambaya ko hukumarku ta yarda da ita don ba duka suka karɓa ba.

Alhaji Babba: Ni dai shawarata ki ɗauko ƙwararru su yi miki duka, ki huta.

Baban Sadiq: Ranka ya daɗe a nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba. Neman kamfanonin da za a gwada ribarku da tasu, eh wannan a ba su, don su ke da rumbun bayanan da ake biya. Amma wa ke yanke shawarar farashi, wa ke ɗaukar asara idan kaya suka lalace a sito ko kwastoma ya ƙi biya, wannan mutanen cikin gida ne suka sani. Na ga rahoton da ya ce uwar kamfani ce ke ɗaukar asarar kaya alhali a littafin ƙaramin kamfanin ake rubuta ta duk shekara, kuma idan kwantiragi ya saɓa da abin da ake yi a zahiri, zahirin masu binciken haraji suke bi. A kan wannan bayanin ne ma ake zaɓar ɗaya cikin hanyoyi biyar da OECD ta tsara na gwada farashi, masu saye su sayar irinku sau da yawa ribar da ta rage bayan an cire kuɗin da aka kashe ake gwadawa.

Alhaji Babba: Gaskiyarka. To ta zauna da manajan sito da na kasuwanci kafin ta kira kowa.

Maman Khalifa: Akwai kuma wani rance da suka ba mu shekara uku da suka wuce, babu takarda, kuma kuɗin ruwan da muke biya ban san yadda aka yanka shi ba.

Hajiya Akanta: Shi za ki sa a gaba. A rubuta yarjejeniya da kwanan watan gaskiya, kar wani ya ce a mayar da shi baya, sannan ki nemo abin da banki zai caje ku a kan irin wannan rancen a irin kuɗin da aka ba ku. A wane kuɗi aka ba ku ma tukuna, kuma an taɓa biyan wani abu daga uwar kuɗin?

Maman Khalifa: Dala ce, ba a taɓa biya ba. Bari in ciro sitetimen ɗin banki gobe da safe in duba ranar da ya shigo.